Minti Ɗaya da Na Ƙara wa Mai Akwati

Yaran da ke zama gaban kwamfuta a shagona na Gada Biyu suna ganin sayar da fim ba aiki ba ne. Mutum ya miƙo waya ko filash, a danna, a jira, a miƙa masa abinsa. Ina jin su suna cewa ko da ido a rufe za a iya. Ban cika tanka musu ba, amma tunda na kusa bar musu shagon, gara in rubuta abin da na sani. Na fi shekara talatin a wannan sana'a, daga kaset zuwa sidi zuwa abin da ake yi yanzu, kuma jarina duk tsawon lokacin nan abu ɗaya ne: in na ce wa mutum ga abin da ke cikin fim, to shi zai tarar. Sau ɗaya tak na sa hannu na canza kaya ban faɗa wa kowa ba. Minti ɗaya ne na fim, kuma saura kaɗan ya sa a hana wani dattijo magana a kan gonar ubansa.

Aikin farko da Oga Emeka ya ba ni shi ne mayar da zare. Oga Emeka mutumin kudu ne, yana da shagon kayan lantarki da hayar kaset, a wurinsa na yi shekara shida. Mutane za su kalli fim su dawo da kaset zarensa na ƙarshe, ni kuma in zauna a benci in mayar da shi farko. In akwai wuta da ɗan inji ake yi. In babu, sai a soka biro a ramin da ke bayan kaset a saki birkinsa, a yi ta juyawa da yatsa har ya yi kanta. Wata uku ban taɓa bidiyo ba. Daga baya ya nuna mini yadda ake wanke kan bidiyo: farin ƙyalle, ɗigon sifirit, a dafa a hankali a juya gefe guda. Wanda ya goga sama da ƙasa ya kashe injin, sai a nemi wani. Ya koya mini ɗinkin zaren da ya tsinke, da reza da salatif, a manna ta baya, ba ta fuskar da hoto yake ba. Ya koya mini tsoron daminar Jos, mai shiga cikin kaset ta bar masa fumfuna fari fat kamar an barbaɗa gari.

Dokarsa ɗaya ce, kuma kullum da irin Hausarsa yake faɗa: "Sale, kaset da ba ka kalla ba, kar ka ba kwastoma. In ya tambaye ka yarinya ya mutu ko bai mutu ba, ka sani. Ba dole ka gaya mishi ba. Amma ka sani."

Ranar da ya sallame ni ya ba ni bidiyo biyu, da talabijin ɗaya, da katon na kaset ɗin da suka daina fita. A ƙasan katon ɗin na tarar da wani kaset ba takarda ba suna. Wanda ya ɗauko shi daga tashar talabijin ta wata ƙasa bai danna da wuri ba, don haka rubutun farko duk ya wuce. Har yau ban san sunan fim ɗin ba, ban san sunan ko mutum ɗaya a cikinsa ba. Tsohon fim ne na Turawa, baƙi da fari, irin wanda aka yi tun kafin a haifi ubana.

Labarinsa ba wuya. Jirgin ƙasa ya yi haɗari da matar wani mai hali a ciki, ba a ga gawarta ba. Bayan shekaru sai ya ji labarin wata mata a wani asibiti mai nisa, an tsince ta a wurin haɗarin, fuskarta ta ƙone ta warke, ba ta san sunanta ba, ba ta san daga inda ta fito ba. Ya je ya dube ta ya ce matarsa ce, ya kawo ta gida. Yayarsa ta ce ƙarya ne, wata ce dabam ta samu wurin kwana. Ita kanta matar ba ta sani ba. Tana son mutumin, tana kuma tsoron kada ya zama rigar wata ta sa. A gidan akwai wani ɗan akwatin katako marar makulli, wanda uban matar ya sassaƙa mata, ita kaɗai ta san inda ake dannawa ya buɗe. A ƙarshe yayar ta tara dangi, ta ɗora akwatin a hannun matar ta ce ta buɗe. Hannunta na rawa. Kafin ta taɓa ko'ina mijin ya karɓe akwatin, ya je taga, ya wurga shi cikin kogin da ke bin bayan gidan. Ya kama hannunta suka fita. Shi ke nan, fim ya ƙare.

Na kalli dubban fina-finai, kuma zan faɗa ba kunya, ban ga aikin da ya kai wannan tsabta ba. Ba launi, ba faɗa, ba mota mai tashi sama. Fitila ɗaya za su sa a gefen fuskar matar nan, ka ga tsoro da so a lokaci guda ba ta ce uffan ba. A farkon fim, inda suke nuna matar kafin haɗari, ba su taɓa nuna fuskarta ba. Bayanta kawai, da hannayenta suna buɗe akwatin. Sai da na kalla sau uku na gane da gangan suka yi, don kada mai kallo ya fi mijin sani.

Amma kwastoma ba malamin fim ba ne. Ɗaya daga cikin injinana yana da wurin saka makirufo, sai na juye fim ɗin a wani kaset, na ɗora bayani da Hausa a kai, na fara ba da haya. Duk wanda ya ɗauka sai ya dawo ransa a ɓace.

"Oga Sale, kaset ɗinka bai cika ba."

"Ya cika."

"To ita ce ko ba ita ba ce?"

"Ba su faɗa ba."

"Ba su faɗa ba, ko kai ka yanke? Awa biyu na hana yara cin abinci a kan wannan!"

Mutum bakwai suka yi mini haka a mako biyu. Shago sabo, suna sabo, ana fara cewa kayana guntaye ne. Wata ranar Talata da ba kasuwa na haɗa bidiyon nan biyu, ɗaya na nunawa ɗaya na ɗauka. Na bar fim ya tafi har inda aka ɗora wa matar akwati a hannu, na tsayar da mai ɗauka. Na mayar da mai nunawa can farko, wurin hannayen nan da ke buɗe akwati, na ɗauko shi na manna. Sannan na tsallake taga da kogi, na ɗauko inda suke fita riƙe da hannun juna. Sau biyar na yi kafin mahaɗin ya daina rawa. Na ɗauki makirufo, daidai inda murfin ya ɗaga na ce, "Ita ce! Jama'a, ita ce!"

Daga ranar fim ɗin bai sake kwana a shago ba. Mutane suka sa masa suna Mai Akwati. Na buga kwafi goma, na ƙara goma. Matan Dutse Uku suna aiko a ɗauka musu ranar suna, matan Anguwan Rukuba suna ɗauka ranar Lahadi bayan coci. Har ta kai in mace ta tsinci ɗan kunnenta da ya ɓace sai ka ji ta ce, "Jama'a, ita ce!" Asalin kaset ɗin kuwa na naɗe shi a leda na jefa saman silin a gida.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda sidi ya shigo, ga shi kuma gari bai daɗe da rikicewa ba. Kaset ɗari-ɗari suka zama shara a wata shida. Rabin masu zuwa wurina suka daina tsallako unguwa, ni ma ban tsallaka wurinsu ba. Abokan sana'ata uku suka rufe, ɗaya ya koma sayar da dankali. Ni na sayar da talabijin ɗina na sayi injin buga sidi na hannu, na zauna ina juye tsofaffin fina-finan da 'yan sidi ba su da su. Mai Akwati na fara juyewa, kuma shi ya riƙe shagon har kasuwa ta dawo. Daga sidin nan ya shiga kwamfuta, daga kwamfuta ya shiga wayoyi. Duk kwafin da ke yawo a Jos, nawa ne kakansa.

Damina uku da suka wuce wata mata ta shigo shago, malamar firamare ce daga Anguwan Rukuba, sunanta Rifkatu. Mako guda kafin nan na tura mata Mai Akwati a filash, ta ce babanta za ta kai wa.

"Oga Sale, fim ɗin nan ya kawo mana wahala a gida."

"Bai buɗe ba ne, Madam?"

"Ya buɗe. Shi ne wahalar."

Na ba ta kujera. Ta ce babanta, Baba Atsi, ya haura tamanin, kuma ya fara mantuwa. Yakan ci abinci ya ce ba a ba shi ba, yakan kira jika da sunan ƙaninsa da ya mutu. Amma yana saurayi shi ke kunna majigi a kulob ɗin Turawan kuza, kuma kullum yana ba da labarin wani fim na mata da akwati. Da ta ji akwai irinsa a wurina sai ta ce bari ta faranta masa. Aka zauna ana kallo, yana ta murna, har aka zo ƙarshe akwati ya buɗe. Sai ya miƙe yana buga sanda a ƙasa, yana cewa ƙarya ne, ba a buɗe ba, a ruwa aka jefa.

"Kowa ya san fim ɗin nan," in ji ta. "Yayana Yohanna ya kalla tun yana sakandare. Ya ce, kun gani ko, har da talabijin yake gardama yanzu."

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne gona. Suna da rigimar iyaka da 'yan uwansu a ƙauye, dattawa sun sa Asabar ɗin mako mai zuwa za su zauna, kuma Baba Atsi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga lokacin da aka raba. Yohanna ya ce ba zai kai ubansa gaban jama'a a yi masa dariya ba. Zai je ya ce tsoho ya rikice, a raba yadda ɗaya ɓangaren ke so, a huta.

"Ni tambaya ɗaya ta kawo ni," in ji Rifkatu. "Kai ka fi kowa sanin fim ɗin nan. Akwai wani iri da ake jefa akwatin a ruwa?"

Da na ce babu, da magana ta mutu a nan. Ba wanda ya san abin da na yi. Oga Emeka ya koma gida tuntuni, kuma shi bai ma taɓa kallon kaset ɗin ba. Na kuma san abin da zai biyo baya in na ce akwai, a garin da ake cewa kayan Sale ba a taɓa su. Na ce mata ta ba ni kwana uku. Ba gudu nake ba. Na san baki kawai ba zai juya Yohanna ba, sai ya ga kaya.

Na hau silin na sauko da ledar. Fumfuna ta cinye gefen zaren duka. Na kwance kusoshi biyar na bayan kaset, na ciro faifan zaren biyu na ajiye a kan farar takarda. Ba a sa irin wannan a inji, zai toshe kan a minti ɗaya kuma ya kankare hoton. Da hannu na bi shi, ƙyalle tsakanin yatsu biyu, ina ja kamu-kamu, ina canza ƙyalle in ya yi datti. Kwana biyu na yi. Na goge gidan kaset ɗin na mayar da zaren ciki. Bidiyon da ya rage mini bel ɗinsa ya narke ya zama kamar kwalta, sai da na zagaya masu gyaran rediyo huɗu kafin na samu wanda ya yi daidai. Yaran shago suka ce in juye a kwamfuta in tura mata, ya fi sauƙi. Na ce a'a. Duk wanda ya ga abu a waya zai ce haɗa shi aka yi. Tsohon kaset mai warin ruma ba a yi masa wannan zargin.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na ɗora inji a keke na nufi Anguwan Rukuba, unguwar da na yi shekaru ban shiga ba. Na tarar da Baba Atsi a falo da rigar sanyi da hular ulu, ɗan siriri, idonsa tar. Yohanna ya gaishe ni a tsaye, hannu a aljihu.

Tsohon ya dubi injin ya ce, "Wannan ba majigi ba ne."

"Ƙaninsa ne, Baba."

"Ƙanin bai yi kama da mai ƙwazo ba. Kunna mu gani."

Na kunna. Hoton ya yi rawa ya tsaya. Wannan ba muryata a kai, Turancinsu ne zalla. Ba a yi minti biyar ba tsohon ya fara faɗin abin da zai faru kafin ya faru. "Yanzu kare zai fito." Kare ya fito. "Za ta taɓa labule ta fasa." Ta kai hannu ta janye. Yohanna ya ce, "Wannan ai kowa ya sani," amma ya zauna.

Can wajen minti ashirin Baba Atsi ya ɗaga hannun dama, ya ce, "Shirya na biyu." Sai ga wani ɗan ɗigo ya ƙyafta a kusurwar sama ta hoton. Ya riƙe hannun a sama yana motsa baki, sannan ya sauke da ƙarfi, "Canza!" Ɗigon ya sake ƙyaftawa, hoto ya koma wani ɗaki. Ni na ga ɗigon nan ya fi sau ɗari, a zatona tabon kaset ne. Na tsayar da fim na tambaye shi. Ya dube ni kamar na tambayi ina ake sa takalmi.

"Alamar canza faifai ce. Inji biyu ne, wannan ya ƙare wancan ya ɗauka. In ka makara bango ya yi fari, Bature ya yi ihu. Kai ba ɗan sana'a ba ne?"

Haka ya yi ta yi har ƙarshe, bai kuskure ko ɗaya ba. Aka zo wurin. Yayar ta ɗora akwati a hannun matar. Matar Yohanna har ta buɗe baki za ta ce ita ce. Mijin ya karɓe akwatin, ya taka zuwa taga, ya wurga. Aka ji ƙarar ruwa.

Yohanna ya juyo ya dube ni. "To wanda muka sani fa?"

"Ni na yi shi," na ce. Na faɗa musu yadda na yi, da bidiyo biyu, da dalilin.

"Muryarka ce ma a kai. Malam, ka san saboda kai na ce wa ubana ya yi shiru a gaban jikokinsa?"

"Na sani. Shi ya kawo ni."

Baba Atsi ya nuna ni da sanda. "Kai ne ka buɗe akwatin?"

"Ni ne, Baba."

"Hannun rigar wadda ta buɗe akwatin fari ne, matar kuwa baƙa ta sa ranar. Wa ya koya maka aiki?"

Ban taɓa lura ba. Duk mutanen Jos ba wanda ya lura. Na ce, "Mutane ba sa son su tashi ba su sani ba, Baba."

"Turawan ma ba sa so. Wani manaja ya ce na ɓoye faifai ɗaya, na kwaso gwangwanayen faifan na jera masa, na ce ƙirga. Namu mu nuna ne, ɗana. Mutumin nan ya ga hannun matarsa na rawa, ya ce ya isa haka. Kai kuma daga Gada Biyu ka ce bai isa ba."

Yohanna ya daɗe yana kallon talabijin ɗin da ba komai a cikinsa sai shuɗi. Sannan ya matsa kusa da ubansa ya durƙusa, ya ce, "Baba, Asabar da ƙarfe nawa za mu tashi?"

Labari bai kwana ba. Matar Yohanna tana da shagon kitso, kun san sauran. Wata tsohuwar kwastomata, Mama Ngozi, ta zo takanas ta tsaya a ƙofa ta ce, "Sale, shekara nawa ina kuka a kan ƙarya? Allah ya gan ka." Ba ta sake sayen komai a wurina ba. Wasu ma sun bi ta. Har gobe in na tura wa mutum fim sai ya ce, "Oga, wannan ƙarshen naka ne ko nasu?" Ina amsawa, don ni na jawo. Yanzu duka biyun suna cikin kwamfuta, ɗaya an rubuta na asali, ɗaya an rubuta na Sale, kuma doka ce a shagona a faɗa wa mai saye bambancin kafin a tura. Mafi yawa nawa suke zaɓa. Wannan ruwansu ne, tunda sun sani.

Bayan Asabar ɗin da kwana huɗu Rifkatu ta biyo ta shago da kwandon dankali da kabeji. Ta ce dattawa sun saurari babanta. Ya ƙi zama a kujerar da aka ba shi, ya ce a bi shi. Ya taka gonar da sandarsa, ya wuce inda kowa ke nunawa, ya tsaya a gindin wani tsohon shingen ƙyarana ya ce a tona nan. Aka tona har gwiwa, aka tarar da duwatsu uku a jere, yadda ya faɗa. Ɗaya ɓangaren ba su ƙara magana ba.

"To madalla," na ce. "Jikin nasa fa?"

"Yana nan yadda ka san shi. A mota muna dawowa ya juyo ya dube ni ya ce, yarinya, ke 'yar wace ce? Na ce, taka ce, Baba."

"Me ya ce?"

"Ya ɗan dube ni. Sai ya ce, to, riƙe mini sandar."